An Ce a Kai Baba Gashi, Ta Ina Za Mu Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Mahaifinmu ɗan shekara 64 ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama, yau sati uku. Da za a sallame mu, likita ya ce a kai shi gashi, ya haɗa mu da wata ma'aikaciya da aka ce ita za ta riƙa bibiyar lamarinsa. Mun je sashen gashin, aka ce takardarmu ba ta cika ba, mu koma. Mene ne aikin wannan mata, kuma me ake so a gani a takardar? A yanzu dai muna gasa masa hannun da ruwan zafi a gida.
Daga wata 'yar'uwa a Kano

AMSA: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya bai wa Baba lafiya. Kafin komai, ku ajiye ruwan zafin nan yau ɗin nan. Sunan "gashi" ne ke ruɗar mutane. Ɓarin da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi yadda ya kamata, sai fata ta ƙone ta yi ƙuna mai shi bai ce uffan ba, in kuwa akwai ciwon suga, ƙunar kan zama gyambo. Gashin asibiti ga mai irin wannan larura motsa gaɓoɓi ne da sake koya wa jiki juyi, zama, tsayuwa da tafiya.

Matar da aka haɗa ku da ita, ko nas ce ko jami'ar walwala ta asibiti, ba ita ke yin gashi ba. Aikinta ta riƙe zaren lamarin kada ya tsinke tsakanin likita, sashen gashi, inshora da gida. Ita za ta karɓo takardar turawa cikakkiya, ta samo muku ranar ganin likitan gashi, ta tabbatar bayanin da ya rubuta ya koma wa likitan Baba. Don haka wajenta za ku koma da takardar da aka ƙi karɓa, kada ku yi ta zagayen asibiti da mara lafiya a keke.

Yawancin takardun da ake maidowa layi ɗaya ne: suna, sai "a yi masa gashi". Likitan gashi ba zai taɓa mutum a kan wannan ba, kuma yana da gaskiya. Yana son ya ga ranar da abin ya faru, ɓarin da ya taɓu, da abin da hoton ƙwaƙwalwa ya nuna in an ɗauka, wato jijiya ce ta toshe ko fashewa ta yi jini ya zuba. Yana son awon hawan jini na baya-bayan nan, ko akwai suga ko ciwon zuciya, da jerin magunguna, musamman masu tsinka jini irin su asfirin da wafarin, domin mai shan su faɗuwa kaɗan na iya jawo masa zubar jini. Sai hani in akwai, da sa hannun likita, hatimi da kwanan wata. Ku ɗauki hoton takardar a waya kafin ku miƙa ta.

In Baba yana ƙarƙashin inshorar lafiya ta NHIA, akwai ƙarin mataki. Gashi na cikin ayyukan mataki na biyu, wato waɗanda ake tura mutum wajen ƙwararru, sai asibitinku ya nemi lambar izini daga kamfanin da ke kula da inshorarsa. Ku tambayi zama nawa izinin ya ƙunsa, a nemi sabo tun kafin ya ƙare. A nan ne mutane da yawa ke rasa lokaci a banza.

Ranar gwajin farko ku ware kamar awa ɗaya. A sa masa kaya masu yalwa da wandon da za a iya naɗewa, ya sha magungunansa na safe, kuma wanda ke jinyarsa a gida ya zo da kansa, kada a aiko yaro. Za a auna ƙarfin kowace tsoka daga 0 zuwa 5: sifili babu motsi ko kaɗan, 3 yana iya ɗaga hannun sama shi kaɗai, 5 cikakken ƙarfi. Za a duba ko tsokar ta saki ko ta fara sandarewa, iya inda gaɓa ke buɗewa, jin taɓi, da ko zai iya zama a bakin gado ba tare da ya karkace ba. Likitan zai sa yatsa a saman kafaɗa ya ji ko ta goce ƙasa. Wannan gocewar kan tsananta ne idan ana jan mara lafiya ta hannun da ya shanye wajen tayar da shi, saboda haka a tallafe shi ta baya da ƙugu, hannun kuma a ɗora shi kan matashi.

Kada ku fito sai da abu a rubuce: burin da ake son kai wa, misali zama shi kaɗai na minti goma nan da sati huɗu, sau nawa zai zo a sati, da atisayen gida. Wata uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi saurin farfaɗowa, shi ya sa jinkirin takarda ke ba mu takaici. Da yake ɓarin dama ne, magana na iya sarƙewa. In haka ne, ko yana ƙwarewa in ya sha ruwa, ku faɗa wa mai bibiyar ta haɗa da mai koyar da magana da haɗiya.

Kafin ranar gwajin, a juya shi duk bayan awa 2 saboda gyambon kwanciya, a riƙa duba ƙugu da diddige. In ƙafa ɗaya ta kumbura ta yi ɗumi, kada a yi tausa, gudan jini ne mai yiwuwa. Wannan, ko sabon karkacewar baki, ko numfashi sama-sama, sashen gaggawa za ku nufa nan take.

TAMBAYA: Daga garinmu zuwa asibitin da ke da sashen gashi tafiyar awa biyu ce. Wani ya ce zai riƙa zuwa gida yana yi wa Inna. Mu amince?
Daga wani ɗan'uwa a Jigawa

AMSA: Ɗan'uwa, gashi a gida ba laifi ba ne, in mai yin ƙwararre ne. Ka nemi ganin lasisinsa na hukumar MRTB, wadda ke yi wa likitocin gashi rajista a Najeriya. In ya kama kwana-kwana, ka sallame shi. Ko da mai lasisin ne, a fara kai Inna gwajin farko a asibiti, a karɓo tsarin a rubuce, shi kuma ya bi shi. Ka gaya wa mai bibiyar lamarinta nisan garinku tun farko, domin ta haɗa ranar gashi da ranar ganin likita a zuwa ɗaya, ta kuma sa ranar sake awo bayan sati huɗu zuwa shida.