Mesata ta saka ƙwai, ta ƙi cin abinci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ina kiwon ƙaramar mesa, irin wadda ke dunƙulewa idan ta tsorata, shekara huɗu ke nan. A ƙarshen damina na haɗa ta da namijin wani abokina. Shekaranjiya na tarar ta saka ƙwai shida ta kanannaɗe su. Ta rame ƙwarai, na ba ta ɓera ta ƙi, har ta kawo mini sara, abin da ba ta taɓa yi ba. Ciwo ne? Ɗanka, daga Garwa ta Kamaru.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗana. Kwantar da hankalinka, kwanci take yi. Ko kaza mai kwanci ka kai hannu sai ta tsattsage ka, balle mesa. Ramar ma ba abin mamaki ba ce, don wajen kashi ɗaya cikin uku na nauyinta na iya tafiya tare da ƙwan. A daji, cikin ramin gafiya ko tsohon suri take sakawa a wannan lokaci na bazara, ta zauna a kansu kwana 55 zuwa 60, galibi ba ta sa komai a baki sai ruwa. Ka janye ɓeran nan. Kada ka kuskura ka bar mai rai ya kwana da ita, zai iya gwaguyarta ba ta kare kanta ba.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne ko akwai ƙwan da ya maƙale. Kowa ƙwai yake leƙe, a manta da uwar. Ka dubi kashi na ƙarshe na jikinta, wajen da ke kusa da wutsiya. Ya kamata ya zama a saɓule. In ka ga kumburi mai tauri, ko tana ta yunƙuri ba abin da ke fitowa, kada ka matsa da yatsa. Na taɓa ganin wadda mai ita ya matsa, ƙwan ya fashe a ciki, ba ta kai mako ba, kuma har yau abin yana damuna. Nemi likitan dabbobi a ranar. Kai da ke Garwa, ga makarantar koyon kula da namun daji da aka buɗe tun 1970, je ka tambayi wanda ya san macizai, ka kuma tambaye su batun takardar izinin kiwo.

Sai ka zaɓi ɗaya: ko ka bar mata ƙwan, ko ka kwashe su. Ni na fi son a bar mata ƙwanta. In haka ne, ɗumin da ake so digiri 31 zuwa 32 ne, kuma a Garwa cikin Maris da Afrilu zafi ne abokin gaba, don rana kan wuce 40. Fitar da akwatin da take ciki daga ƙarƙashin rufin kwano zuwa ɗakin ƙasa mai sanyi, a hankali, ba girgiza. Ka riƙa jiƙa yashi ko ciyawar da ke gefenta don iskar ta yi danshi, amma ruwa kada ya taɓa ƙwan. Ga kwanon ruwa mai tsabta kusa da kanta. Leƙe sau ɗaya a rana ya isa.

In kuwa ka kwashe su, yadda suka manne haka za ka ɗauka, kada ka raba, kada ka juya, don juyi na iya kashe ɗan da ke ciki. Haska tocila: mai rai za ka ga jajayen jijiyoyi, ƙarami mai rawaya baragurbi ne. Sannan ka wanke uwar da ruwan ɗumi, ka wanke akwatin tas, ka canja shimfiɗa. Muddin tana jin warin ƙwai, kanannaɗe wurin za ta ci gaba da yi, ta ƙi ci. Bayan kamar mako ɗaya ka fara mata da ƙaramin ɓera, kada ka yi garajen cika ta.

Ka wanke hannu da sabulu duk lokacin da ka taɓa ta, saboda ƙwayar cutar gudawa da macizai ke ɗauke da ita. Kuma ka hutar da ita bana, kada namiji ya kusance ta sai jikinta ya koma yadda ka san shi. Rubuto mini idan sun ƙyanƙyashe.