Amsa: Yini ɗaya a Antalya ta ƙasar Turkiyya, za a iya haɗa su duka?

Malam, ka ce kana son ganin tsoffin biranen Perge, Aspendos da Side, da kuma magangarar ruwa duk a yini ɗaya. Zai yiwu, amma za ka jigata. Ni dai da na cire Side, don tana da nisan kusan kilomita 75 daga gari.

Yi sammako ka fara da Perge kafin rana ta take, don kufai ne, babu inuwa. Ka lura da magudanar ruwan da ta ratsa tsakiyar babban titin nan mai ginshiƙai. Daga nan sai Aspendos. Dandalin wasansa an gina shi ne zamanin Sarkin Rum Marcus Aurelius, a ƙarni na 2, kuma har yau ana wasa a ciki. Hau can ƙololuwa, za ka ji maganar na ƙasa radau.

Magangarar Manavgat faɗi gare ta, ba tsayi, kada ka ɓata mata lokaci. Ta Düden ta ƙasa ce abin kallo, ruwa na zubowa daga kan dutse mai tsayin kamar mita 40 kai tsaye cikin teku.

Da la'asar ka shiga Kaleiçi, tsohuwar unguwar Antalya, ta Ƙofar Hadrian, ka yi magariba a masallacin Yivli Minare. Ka sa takalmi mai kauri, duwatsun akwai santsi.