Raƙuman dawan Kure da tambayarka

Ɗan'uwa, ka ce ko ya dace mutum ya sa hannu ya ceci namun daji, ko a bar su da Mahaliccinsu. A ganina a sa hannu, matuƙar mu ne muka jefa su cikin halin. Dubi raƙuman dawan Kure, kusa da Yamai. A 1996 ba su fi 50 ba, saboda farauta da fari da saran itace sun kusa ƙarar da su. Aka hana kashe su, aka tallafa wa manoman da suke ci wa wake, yanzu sun haura 600. Har a 2018 aka kwashi 8 zuwa gandun Gadabeji da ke jihar Maraɗi.

Sharaɗina ɗaya, a gyara musu daji, kada a kwaso su gida. Na sha ganin yara sun tsinci ɗan barewa kwance a ciyawa, su ce maraya ne. Ina! Uwar ce ta ɓoye shi ta tafi kiwo. A kawo shi gida a yi ta ɗura masa madarar gari, sai gudawa, kafin mako ya zagayo ya mutu.