Hira da 'yan bindiga a shirin bincike tallata su ne?

Malam, ka tambaya ko nuna 'yan bindiga a shirin talabijin yana rura wutar rikici. Haka gwamnati ta ɗauka. A Yulin 2022 BBC ta fitar da shiri kan Zamfara, har aka ji Ado Aleru, ɗaya daga cikin shugabannin 'yan bindiga, yana magana da bakinsa. Cikin Agusta hukumar NBC mai kula da gidajen rediyo da talabijin ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 kan nata shirin, ta ci tashoshin da suka haska na BBC su ma.

Ni dai ban gamsu ba. An kwashe ɗaliban Jangebe tun 2021, kafin shirin ya fito. Abin da ba na so shi ne a bar ɗan bindiga yana cika baki ba a tsare shi da tambaya ba.