Zan iya komawa Madina da zama bayan ritaya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a nan Katsina, na ajiye aiki bayan shekara 35. Yara duk sun kama gabansu. Burina ni da mai ɗakina mu koma Madina da zama har Allah ya karɓi abinsa. Wani ya ce in sayar da gidana na Ƙofar Sauri, mu shiga da bizar Umra, idan mun isa zai nema mana igama, wato takardar izinin zama, a can. Haka ake yi? Ko akwai biza ta musamman ga 'yan fansho?

Amsa: Wa alaikumus salam, Baba Malam. Allah ya cika maka wannan buri, domin babu Musulmin da zai ji an ambaci maƙwabtaka da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zuciyarsa ba ta motsa ba. Amma don Allah kada ka sa hannu a takardar cinikin gidan nan tukuna.

Bizar Umra ta baƙunta ce. Kwana 90 take ba mutum, kuma ba a juya ta ta koma igama. Idan lokacin Hajji ya matso, hukuma kan yanke ranar da duk mai ita zai fita. A 2025 ranar 1 ga Zulƙida aka sa. Wanda ya wuce wa'adi ya zama mai laifi: tara, wani lokaci ɗauri, sannan a tasa ƙeyarsa gida a hana shi komawa na tsawon shekaru. Tun a filin jirgi an ɗauki hoton yatsunka, don haka sauya fasfo ba ya ɓatar da sawu. Wanda ya ce zai "nema maka igama" bayan ka shiga, ko dai bai san dokar ba, ko kuɗin gidan yake hange.

Igama ta yau da kullum a ƙarƙashin kafili take, wato wanda ya ɗauke ka aiki, kuma tun daga gida ake shigowa da bizar aikin. Saudiyya ba ta da bizar da aka keɓe wa mai ritaya. Abin da ya fi kusa da ita shi ne izinin zama na musamman da aka ɓullo da shi a 2019, wanda ba ya buƙatar kafili. Na dindindin Riyal 800,000 ne a biya sau ɗaya, wato sama da Dala 213,000, tunda Dala ɗaya Riyal 3.75 ce. Na shekara-shekara Riyal 100,000. A farkon 2024 an ƙara wasu rukunai, ciki har da na wanda ya mallaki gidan da darajarsa ta kai Riyal miliyan 4. Ban da kuɗin, za a nemi shaidar lafiya, da shaidar ba ka da tabon laifi, da hujjar cewa kana da abin riƙe kanka. Baba, ka ɗora fanshonka na wata, wanda da Naira ake biya, a kan wannan sikeli, ka ga inda ya rinjaya.

Abin da ya fi damuna a maganar nan shi ne tsufa. Matashin da ya maƙale ba takarda yana iya gudu idan ya hango motar jami'ai, yana iya kwana goma a ɗaki bai leƙo ba. Dattijo mai hawan jini fa? Na taɓa zama da wata baiwar Allah daga wajen Daura da aka dawo da ita bayan shekaru a can. Ta ce ranar da ciwon suga ya kayar da mijinta, zama suka yi suna kallonsa suna tofa masa addu'a, kowa na tsoron asibiti saboda za a tambayi takarda. Da aka kama ta, daga ita sai abayar jikinta da silifas da 'yar leda mai ɗauke da magani. Gonar da suka sayar suka yi guzuri, ta tarar an yanka ta filaye an gine. A ɗakin ƙanenta take zaune. Zaman takari mara takarda ke nan idan ƙarfi ya ƙare: ga Harami kana hangowa, amma fita salla sai da faɗuwar gaba.

Idan kana da ɗa ko 'ya da ke aiki a can da igama mai kyau, suna iya nema muku bizar ziyarar iyali. Ita ma ziyara ce, tana da ƙarshe, sai dai halas ce kuma da inshorar lafiya take tafiya.

Wasu kan ce to Dubai fa? Can kam akwai izinin zaman mai ritaya: shekara 55 zuwa sama, izinin shekara 5 da ake sabuntawa, bisa sharaɗin gida ko ajiya ta Dirhami miliyan 1, ko kuɗin shiga mai kauri duk wata. Amma kai ba Dubai kake nema ba.

Ga abin da zan gaya wa mahaifina da shi ne ya tambaye ni. Ka bar gidan Ƙofar Sauri yadda yake. In akwai sashen da ba kwa amfani da shi, a sa 'yan haya. Ku riƙa tari, duk shekarar da hali ya yi ku tafi Umra ta hannun kamfanin da ke da lasisin Hukumar Alhazai ta Ƙasa, ku nufi Madina ku yi wata biyu ko fiye cikin kwana 90 ɗin nan. Watannin da ba na azumi ba masauki ya fi sauƙi, cunkoso ma ya ragu, har Hajiya ta samu shiga Rauda cikin natsuwa. Kuna zaune da izini, kuna zuwa asibiti ba fargaba, kuna dawowa ku ga jikoki, kuma idan an kira tantance 'yan fansho kana nan, ba a tsayar maka da albashin ba. In kuma ajali ya riski mutum a cikin waɗannan kwanaki, a can za a yi masa sutura.

Kafin komai, ku duba fasfo: ya zama da sauran aƙalla wata shida a kansa, ga katin rigakafin shawara. Ranar da aka buga muku hatimin shiga, ka ƙirga kwanakin da kanka ka rubuta a takarda, tikitin dawowa kuma ya zama saura mako guda wa'adin ya cika.