Amsa: aikin maikurogiliya a cikin ƙwaƙwalwa

Ɗan'uwa, ka tambaya ko ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin ƙwaƙwalwa kashe cuta kaɗai suke yi. A'a, aikinsu ya wuce nan.

Sunansu maikurogiliya. A 2012, Beth Stevens ta Jami'ar Harvard a Amurka da abokan aikinta sun nuna a jikin jariran ɓeraye cewa waɗannan ƙwayoyin suna cinye mahaɗar jijiyoyin da ba su cika aiki ba, kamar yadda manomi ke cire dawa don sauran ta yi ƙwari. Wani sinadarin garkuwar jiki mai suna C3 ne ke sa wa mahaɗar da za a cinye alama.

Abin da ya fi taɓa ni: a 2016 sun gano wannan cinyewar tana wuce gona da iri a ɓerayen da ke da alamun cutar mantuwa ta Alzheimer, tun farkon ciwon.