Labarin taurari ma adabi ne

'Yar'uwa, kin tambaya ko labarin da aka gina kan rayuwar 'yan fim da mawaƙa zai iya shiga sahun adabi mai nauyi. Zai iya ƙwarai, muddin marubuci bai tsaya ga tsegumi da kayan ado ba. A nan Kumasi, gidan masana'antar fim ta Kumawood, ki ɗauki ɗan wasan da yara ke bi da shewa a kasuwar Kejetia, amma da daddare ya koma ɗaki ɗaya a unguwar Aboabo yana lissafin kuɗin haya, wayarsa tana ta ƙara da saƙonnin masoya. Ni abin da nake marmarin karantawa shi ne yadda yake durƙusawa ya gai da mahaifiyarsa, wadda har yau ba ta yarda fim sana'a ce ba.